Na Kai Jininmu Turai

Jirgin da zai ƙarasa da ni ya tashi ya bar ni a filin jirgin wani birni na Turai da aka ce zango kawai za mu yi a cikinsa. Ina tsaye gaban wani jami'in kwastan mai jan gashin baki, na rungume farin akwati na soso, shi kuma yana ƙwanƙwasa akwatin da biro yana tambayata abin da ke ciki. Na ce jini ne. Ya ce na wace dabba? Na ce na mutane. Daga nan fuskarsa ta sauya. Ya kira wani, wancan ma ya kira wani, aka ce in tsaya gefe.

Sunana Mamman, mutumin Talata Mafara. A lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti, ina duba jini da fitsari a madubin likita. Shekarun gina dam ɗin Bakolori ne. Ruwa ya taru a sama ya cinye gonakin dangin mahaifiyata wajen Maradun, a ƙasa kuma aka baje gonaki aka ja kanal, wato hanyar ruwa, daga wajenmu har Bakura. Da can sauro baƙon damina ne, kaka na yi sai ya tafi. Da ruwa ya zauna shi ma ya zauna, masassara ta daina sanin lokaci. Sai muka riƙa ganin manyan mutane suna zuwa asibiti ciki ya kumbura ta hagu. In ka taɓa sai ka ji saifa ta sauko har ƙasan cibiya, da tauri kamar dutsen niƙa, mutum ya rame, idonsa fari fat.

Wani Bature mai bincike ya zo a kan wannan ciwo. Mutane suka sa masa Dogon Likita, ni kuma aka haɗa ni da shi ina yi masa tafinta. Ni na tsaya a ƙofar masu gari daga Bakura har Maradun na ce a ba da jini, za a kai Turai a duba, a dawo da amsa. Ba don shi aka miƙa hannu ba, don an san ubana ne. Cikin waɗanda na ɗebi jininsu har da Yaya Kulu, wadda ta goye ni ina yaro, tana aure a Bakura, ita ma cikinta ya fara tasowa. Muka tace ruwan jinin, rawayan nan da ke tasowa sama, muka zuba a ƙananan kwalabe, kowace da lambarta. Sunayen kuwa suna cikin wani ɗan littafi da ke aljihuna. Dogon Likita ya yi gaba, ya ce in biyo shi da akwatin, zan yi shekara guda ina koyon aiki a wurinsu in dawo da takardar shaida.

Abin da ke tsare kwalaben nan daga lalacewa wata ƙanƙara ce mai hayaƙi, wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta bi iska. An gaya mini kwana biyu take yi. Na riga na cinye ɗaya da rabi.

Ina nan tsaye sai na ji an ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa."

Wani dattijo ne cikin kwat mai kyau da hula zanna, Hausarsa irin ta mutanen zango. Ya ce sunansa Alhaji Tanko, ya shekara goma sha a birnin, ba ofishin da bai sani ba. Bayan kwana biyu ban ji Hausa ba, sai na ji kamar kawuna ne ya fito daga ƙasa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya yi mini addu'a.

"Waɗannan ba sa son ganin mutum da kaya niƙi-niƙi," in ji shi. "Shiga da akwatin kawai da takardunsa. Kawo jakar in riƙe maka, ina nan bakin ƙofa."

Na ba shi. Na daɗe a ciki ana buga waya ana jujjuya takardu, daga ƙarshe aka buga hatimi aka ce in tafi, akwai jirgi gobe. Da na fito babu Alhaji Tanko. Na zaga wurin har ƙafata ta gaji. A jakar nan akwai rigar sanyin da na saya a gwanjo, da tufafina duka, da kilishi, da ƙullin garin yaji da daddawa da Yaya Kulu ta daka mini da hannunta tana hutawa tsakanin kowane bugun taɓarya. Fasfo da tikiti da ɗan littafin sunaye ne kawai suka tsira, don suna jikina.

Na zauna a kan benci na ɗaga murfin akwatin kaɗan. Ƙanƙarar ta koma 'yan gutsattsari kamar tsakuwa.

Wani tsoho mai turo amalanken kwanuka ya tsaya yana kallona. Ba ma jin harshen juna. Ya ga carbi a hannuna ya yi mini sallama, na amsa. Na nuna masa akwatin, na rungume jikina ina kwaikwayon rawar sanyi, na nuna ƙanƙarar da ke ƙarewa. Ya yafito ni. Ya bi da ni ta wata ƙofar baya zuwa inda ake dafa abincin jirage, ya buɗe wani ɗaki da ake daskarar da nama, ya ajiye akwatin can ƙurya ya rufe shi da buhu don kada shugabansa ya gani. Da safe ya cika mini shi da sabuwar ƙanƙara mai hayaƙi, irin wadda suke sa wa kayan sanyi. Ya cire shuɗiyar rigar aikinsa mai kauri ya sa mini. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba. Da rigar nan na yi dukan zamana a Turai.

Garin da na sauka na bakin teku ne, can arewa, ba Turanci suke yi ba. Ba zan kira sunansa ba. An kama mini ɗaki a saman gidan wata tsohuwa, ɗan ƙarami, rufinsa a karkace, in na miƙe sai kaina ya bugi katako. Kwana tara ban ga rana ba. Na rasa gabas, sai na zaɓi kusurwar da zuciyata ta fi kwanciya da ita nake fuskanta. Tsohuwar ba ta taɓa yi mini magana ba, amma kullum in na sauko sai in ji ta tana murɗa makullin ɗakinta. Burodi da dafaffen dankali da shayi, su ne abincina, don ina tsoron namansu. Wata rana na ji ana buga wani abu a ƙasa, dum, dum, a jere, na diro da gudu ina tsammanin daka ake yi. Wani mutum ne ke kakkaɓe darduma.

A wurin aiki Dogon Likita ya karɓi akwatin kafin ya karɓi hannuna. Ya ƙirga kwalaben, ya ce madalla, ya miƙa ni ga wani mai kula da wanke-wanke. Mutumin da muka ci tuwo da shi a kwano ɗaya a Maradun, a nan sai in gan shi ta gilashi. Wata biyu ina wanke kwalabe da ruwan zafi har fatar yatsuna ta saɓule. In na tambayi yaushe za a fara koya mini aiki, sai a ce ana shiri.

Wadda ta ja ni ciki wata ma'aikaciya ce mai suna Madam Gireta, dattijuwa mai furfura, gajeriya, ba ta cika dariya ba. Ta lura ina leƙen teburinta in na kawo kwalabe. Ran nan ta ture mini kujera da ƙafa.

"Zauna. Kai ka ɗebo jinin nan, ya kamata ka ga abin da yake cewa."

Ita ta fara fahimtar da ni abin da ake nema. Ta ce duk cutar da ta shiga jikin mutum, jini yana ƙera mata makami nata na kanta, wanda ya dace da ita kamar makulli da kwaɗo. Ko cutar ta tafi, makaman suna nan suna yawo cikin ruwan jini, shi ya sa in ka iya dubawa za ka san abin da mutum ya yi fama da shi. Makaman nan iri-iri ne. Akwai wasu manya masu nauyi da jiki ke fara fitarwa da gaggawa in cuta ta shigo, in an ci ƙarfinta sai ya rage su. Su ake aunawa.

Yadda ake awon kuwa, faranti ne na gilashi da aka shimfiɗa wa wani abu garai-garai kamar daskararren koko. A huda ƙananan ramuka a jere, a ɗiga ruwan jinin mutum guda a kowane rami, a rufe a ajiye. Bayan kwana biyu sai ka ga farin zobe ya fito kewaye da ramin. Yawan makaman, faɗin zoben. Ta nuna mini nata jinin, zoben bai fi ƙwayar gero ba. Ta koya mini riƙe bututun ɗiga, ta bar ni na yi faranti uku da hannuna.

Ranar da muka buɗe su, Madam Gireta ta ɗaga na farko wajen fitila ta daɗe tana dubawa. Yawancin zobban sun fi nata, amma da kaɗan. Wasu kuwa sun baje har sun shiga cikin na maƙwabtansu. A faranti na biyu akwai guda da ya kusa kai bakin gilashin.

"Arba'in da ɗaya," ta karanta.

Ban buɗe littafina ba. Ni na rubuta lambar a jikin kwalbar, a tsakar gidan mijinta, tana zaune a kan turmi tana yi mini tsiya wai hannuna na rawa.

"Yayata ce," na ce.

Ta ajiye farantin a hankali. Na tambaye ta ko wannan na nufin jikin Yaya Kulu ya fi na kowa ƙarfin faɗa da masassara. Ta girgiza kai.

"Jikinta ya kasa dainawa ne. Sauro na cizonta kullum, jikin na ta ƙera makamai ba tsayawa, yawancinsu ba sa samun komai, sai su dunƙule da juna. Saifa ita ce matatar jini. Tana ta tare su tana kumbura, in ta yi girma sai ta fara cinye jinin kirki ma. Ba cutar ce ke cin yayarka ba yanzu, garkuwar jikinta ce."

Na tambaye ta ko akwai magani. Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba. Ta ce ai akwai, 'yar ƙwaya ce ta rigakafin masassara, a sha kullum ba fashi, watanni, wani lokaci shekaru. In masassara ta daina shiga, jiki zai huce, saifa ta koma. Ta ce, "Ba a ba su ba?"

Na ce ba a ba kowa komai ba.

Bayan kwana huɗu wasiƙa ta zo daga Malam Garba, mijin Yaya Kulu. Wani malamin makaranta ya rubuta masa. Shafi guda gaisuwa ce, daga shi, daga Inna, daga mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. A shafi na biyu ya ce: "Bayan haka, jikin Kulu ya matsa. Mun kai ta babbar asibiti, likita ya duba ya ce saifa ce, sai an yi aiki an hidda ta. An ba ta maganin ƙarin jini, anka ce mu komo bayan wata biyu a yi aikin. Ita ta ce a hwaɗa maka kar ka damu. Kuma gari ba lahiya, manoma sun datse hanyoyi kan maganar gonaki, ba mu san inda abin zai tsaya ba."

Na duba ranar da aka rubuta. Wasiƙar ta yi mako bakwai a hanya.

Na fassara wa Madam Gireta. Tun ban kai ƙarshe ba ta cire tabaranta.

"Kada a yi aikin nan. Saifa mai girma haka, a jikin da ba jini, da yawa ba sa tashi daga kan tebur. Wanda ya tashi kuma, ya koma cikin sauro ba shi da saifa, masassara ta farko na iya tafiya da shi. Likitan ba mugu ba ne, bai ga abin da muka gani ba ne."

Na shiga ofishin Dogon Likita ba tare da an kira ni ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yi baƙin ciki da jin haka. Na ce ina so a rubuta wa asibitin gida, a kuma aika da maganin ga duk masu manyan zobba. Ya jingina da kujera.

"Mamman, maganin ba sabon abu ba ne, an san shi. Abin da ba a sani ba shi ne yadda jinin ke sauyawa daga shekara zuwa shekara a wurin da aka kawo ruwa. Baɗi za mu koma mu sake ɗiba. In sun sha magani yanzu, jinin baɗi ba zai gaya mana komai ba."

"Tun muna Bakura ka san da maganin?"

"Ni ba likitansu ba ne. Suna da asibiti."

"Amma ni na ce musu za a dawo da amsa. Kai ka ce in faɗa."

"Za a dawo da ita, in an gama."

Bai ɗaga murya ba, har ruwa ya zuba mini a kofi. Ya ce game da yayata zai iya rubuta 'yar takarda, wannan ba zai ɓata komai ba, mutum guda ne. Sauran kuwa in bar su a lambobinsu. Ya kuma tambaye ni ɗan littafin sunaye, ya ce ya kamata a ajiye shi a ofis. Na ce na baro shi a masauki. Yana aljihun shuɗiyar rigar da ke jikina.

Na je gidan waya na buga talgiram zuwa Mafara: kada a yi wa Kulu aiki, ina tafe da bayani. Na jira. Kullum da safe in tsaya gindin matakala ina jiran mai kawo wasiƙu, tsohuwar gidan tana leƙena ta labule. A rana ta shida Madam Gireta ta zo da jaridarsu, ta nuna mini wasu 'yan layuka can ƙasan shafi. Sunan dam ɗinmu kawai na iya karantawa. Ta ce an rubuta cewa an yi tashin hankali tsakanin manoma da hukuma, an rasa rayuka, ba a faɗi ko nawa ba. Ranar na fasa kwalabe biyu a wurin wanki.

Na koma wajen Dogon Likita na ce a ba ni tikitina. Ya ce in na tafi yanzu babu takardar shaida, kuma ba za a sake kirana ba. Na ce na ji. Sai da aka ƙara kwana tara kafin ofis ya fito da tikitin, kullum da dalilinsu. Ina lissafi a zuciyata, ranar aikin tana matsowa, har ta zo ta wuce ina can.

Ranar tafiya Madam Gireta ta raka ni tashar jirgin ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba, don ko gidanta ban sani ba. Ta ba ni gwangwani mai murfi cike da fararen ƙwayoyi, ta ce zai ishi mutum ɗaya shekara guda. Sannan ta zaro wata takarda a ninke daga safar hannunta. Lambobi ne goma sha tara, da rubutunta.

"Ni lambobi na sani," in ji ta. "Kai ka san mutane."

Daga Gusau zuwa Mafara an tsayar da motarmu ya fi sau biyar. Ba mai hira a cikin motar. Da na tambayi na kusa da ni labarin Bakura, sai direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, in kana da tambaya ka bari ka sauka." A gida Inna ta riƙe hannuna tana kallon yadda na rame. Ta ce ba talgiram da ya zo. Ta ce mako uku ke nan ba wanda ya zo daga Bakura, ita ma ba ta san halin da ake ciki ba. Ban zauna ba. Na ari keke na bi gefen kanal. Ruwa na gudu a cikinsa shar, gonaki kuwa ba kowa, ga kayan noma a yashe.

Da na karyo kwanar gidan Malam Garba sai na hangi tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jere, ba mai magana. Na sauka daga keken tun daga nesa. Na yi sallama na tsuguna. Aka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina hanya, ya muka ji da haƙuri. Ina amsawa ban san haƙurin wa nake karɓa ba, kuma na kasa tambaya. Sai da Malam Garba ya kamo hannuna.

"Isa ne, ƙanena. Ya tahi wurin datse hanya, bai komo ba. Shekaranjiya munka samu tabbas." Ya nuna mini ƙofa. "Shiga ciki, tana nan."

Yaya Kulu na zaune a inuwar rumbu, ta jingina da bango, ƙafafu a miƙe, cikin ya yi gaba kamar na mai wata tara. Wuyanta ya zama kamar kara. Ta ɗago ta dube ni.

"Mamman? Wa ya mutu kuma, da ka baro karatu?"

Na durƙusa gabanta na ɗaga gefen rigarta ba tare da na nemi izini ba. Babu ɗinki. Ta buge mini hannu.

"Mi kaka nema?"

"Ba a yi aikin ba?"

"Da wace mota? Ranar da anka ce mu je ko jaki bai hita garin ga ba. Garba na cewa in an yi addu'ar bakwai mu tahi."

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, a gidan da ake makokin wani. Ta bar ni har na gama, sannan ta sa aka kawo mini fura.

Washegari na yi musu bayani, ita da Malam Garba, yadda Madam Gireta ta yi mini. Na ajiye gwangwanin gabanta na ce ɗaya kullum, ba fashi, shekara guda. Ta jujjuya shi. Ta ga takardar da ke leƙowa daga aljihuna ta tambayi ko ta mece ce. Da na sani da na yi ƙarya. Na buɗe ɗan littafina na karanta mata sunayen da suka dace da lambobin. Ta san fiye da rabinsu. Na uku A'i ce, maƙwabciyarta, wadda suke zuwa rijiya tare.

"Su ina nasu?"

"Zan nema musu a Gusau. Wannan naki ne."

"Yaushe?"

"In hanya ta buɗe sosai. In an samu."

Ta ce a miƙo mata faifai. Ta juye gwangwanin duka a kai, ta fara ware ƙwayoyin da ɗan yatsa, kashi-kashi, kamar mai rabon naman layya. Na ce mata in aka raba haka ba wanda zai kai ko wata guda. Na ce na bar takardar shaida, na bar komai, saboda ita. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Ba ta ko ɗago kai ba.

"To ka samu wata guda na nema ke nan. In na sha ni kaɗai na warke, da wane ido za ni shiga gidan A'i gaisuwa?"

Malam Garba ya dube ni ya kau da kai. Ta ƙulle kowane kashi a tsumma, goma sha tara, ta tura mini sha takwas.

Haka na shiga yawo da keke. A Bakura na samu bakwai, a ƙauyukan Mafara huɗu. A sabon matsugunin da aka yi wa mutanen Maradun na samu uku, aka nuna mini kaburburan mutum uku, na ƙara wa masu rai ƙullinsu. Kafin wata ya cika na samo irin ƙwayar a wani kantin magani a Gusau, na kuma kai bayanin ga likitan da ya so yin aikin. Ya saurare ni, ya riƙe takardar Madam Gireta ya karanta sau biyu, ya soke sunan Yaya Kulu daga jerin masu jiran tiyata, daga baya shi ya riƙa rubuta wa sauran maganin. Bayan wata biyar na sa hannu a cikin Yaya Kulu na ji saifar ta hau sama da cibiya. Da damina ta zagayo ita da A'i suka yi shuka. Dogon Likita bai dawo ɗibar jini na biyu ba, ko kuwa ya dawo ta wani wuri ban ji ba.

Ƙulli guda ya rage a hannuna. Na wata Bafulatana ce mai suna Nenne, matar wani makiyayi da muka samu a rugarsu gabas da Maradun. Na tuna ta sosai, don ita ce ta ƙi miƙa hannu sai da na rantse mata cewa zan dawo. Da na je, wurin rugar ya zama ruwa. Na bi kasuwar Maradun mako bayan mako ina tambayar masu tallar nono. A mako na biyar wani dattijo da ya kawo tumaki ya ce ya san su.

"Sun yi kudu tun da burtali ya nutse," in ji shi. "Matar ba ta iya tahiya. Bisa sa anka ɗora ta."

"Wane gari sunka nufa?"

Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini daji.

Na ajiye ƙullinta a cikin gwangwanin, a kan taga, har ƙwayoyin suka yi rawaya suka fara dagargajewa. Yanzu na tsufa, na bar aiki, amma in Fulani suka ratso ta bayan gidana da shanu nakan fita in gaishe su, in tambaye su daga ina. In sun ce daga kudu, sai in tambaye su ko sun taɓa jin wata Nenne, mutuniyar Maradun, mai ciwon saifa.